In Ƙetare Gada ko In Zauna?

Mai gabatarwa, barka da aiki. Salamar Ubangiji ta kasance da kai da masu sauraro. Sunana Rifkatu, ni Kirista ce, a Kurmin Mashi nake zaune ni kaɗai tun rasuwar maigidana.

Ranar Talata da rana jita-jita ta tashi wai rikici ya ɓarke a gari. Masu shaguna suka hau rufewa, kowa na gudu. Ina tsaye a ƙofar gida a tsorace, sai maƙwabciyata Hajiya Balaraba ta kamo hannuna ta ce, "Maman Dauda, shigo ciki. Mai son taɓa ki sai ya fara da ni." A ɗakinta na durƙusa na yi addu'a cikin sunan Yesu, ita tana gefe da carbinta. Wata irin salama ta sauko mini, tsoron ya tafi. Zuwa la'asar aka gane ba abin da ya faru.

Washegari yayana Bulus ya zo daga Sabon Tasha, can ƙetaren gada inda Kiristoci suka fi yawa, wai in tattara kayana in koma wajensu. Na ce masa Allah ne ke tsare ni. Ya ce, "Shi ɗin ne ya ba ki hankali, kuma shi ya aiko ni."

Jama'a, kaina ya ɗaure. In na zauna, bangaskiya ce ko taurin kai? In na tafi, da wane ido zan kalli Hajiya? Ranar Asabar Yaya Bulus zai dawo da mota, ni ko jaka ɗaya na kasa ɗaurewa. Don Allah ku ba ni shawara kafin ya iso.