Dutsen Torquil Zai Koma Kan Tudu

Mai girma shugaban wannan taro, Mista Beaton. Mai girma limamin cocinmu, Rabaran Matheson. Shugabar makarantarmu, Malama Gillies, wadda ta ce ni zan yi magana ko da muryata za ta yi rawa. Tsofaffin sojojinmu da ke zaune a sahun gaba da lambobinsu a ƙirji. Iyayena maza da mata, 'yan ajinmu, da dukan mutanen Ardcalla da suka fito cikin wannan yayyafi: ina gaishe ku gaba ɗaya.

Ni ce Mairead, jikar Ishbel ta gidan bakin gaɓa. Ina godiya ga kwamitin gari da ya sa aka sassaƙa sabon suna a jikin dutsen tunawa da ke bayana, ina kuma godiya gare ku da za ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa tsayawa gaban jama'a haka ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin tsoro. Amma ba ku ne kuke ba ni tsoro ba. Zan faɗi abin da nake tsoro idan na zo wurin.

Magana ta farko, wane ne Torquil Nicolson, mai wannan sabon suna. Yayan kakata ne. Shekararsa goma sha tara lokacin da aka kira shi Yaƙin Duniya na Biyu. Masunci ne ɗan masunci, amma kamar yawancin masuntanmu na da, bai iya iyo ba, kuma ruwa mai zurfi tsoro yake ba shi. Kaka ta ce safiyar da zai tafi hannunsa ya yi ta kyarma har shayi ya zube masa a wando, sai ya ce wai kofin ne ya yi zafi. Kowa a gidan ya yarda da zancen kofin. A Italiya aka kashe shi, a tsakiyar wani kogi da aka umarce su su ƙetare da ƙafa, ruwa iya ƙirji, ana ɓarin wuta daga ɗaya gaɓar. Ina yawan tunanin wannan: daga ƙasa abin da ya fi tsoro, daga sama abin da zai kashe shi, kuma ya shiga. A makaranta an koya mana mu ce jarumi ne. Ni ina so mu riƙa cewa ya ji tsoro kuma ya shiga, domin ina ganin wannan ya fi kusa da gaskiya.

Magana ta biyu, me ya sa sunansa ya yi shekara sittin da wani abu bai hau wannan dutse ba. Kun san al'adarmu. Duk wanda zai tafi yaƙi daga garin nan sai ya hau tudun bayan coci ya ɗora dutsensa a kan tsibin duwatsun da ke can, idan ya dawo kuma can zai fara zuwa ya ɗauke abinsa tun kafin ya ga uwarsa. Dutsen da ya rage a sama, mun san ma'anarsa: mai shi bai dawo ba. Torquil farin dutse ya ɗauko daga bakin teku, shi da amininsa Hector Bain suka hau tare, Hector yana yi masa dariya wai ya zaɓi dutse kamar ƙwan agwagwa.

Ranar da limamin wancan lokaci ya ƙwanƙwasa ƙofarsu da labarin mutuwar Torquil, mahaifiyarsa Peigi ba ta yi kuka ba. Ta yafa mayafinta, ta hau tudun, ta ɗauko farin dutsen ta ajiye a bakin taga. Ta ce wanda babu dutsensa a sama bai mutu ba. Babu wanda ya iya yi mata musu, babu wanda ya iya ce mata ta mayar.

Shi Hector abokan gaba sun kama shi sun tsare tun kafin ranar kogin, bai san komai ba. Da aka gama yaƙi ya sauko daga jirgin ruwa a rame, ya hau tudun kamar yadda aka saba, ya ɗauki dutsensa, ya duba bai ga farin ba. Sai ya gangaro a guje. Kaka tana yarinya a lokacin, ita ta buɗe masa ƙofa. Ta ce yana haki yana dariya, yana leƙen bayanta yana cewa:

"Ina ɗan banzan nan? Ashe ya riga ni! Ishbel, matsa in wuce, ce masa ya fito."

Sai idonsa ya sauka a kan taga.

Kaka ta ce ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta mutu alhali yana tsaye ba sai ranar. Hector ya rayu har ya tsufa a garin nan, wasunku sun san shi, amma bai sake bin hanyar gidanmu ba. Peigi kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda a rubuta sunan ba, Kaka ta gaji dutsen, ta gaji tsoronsa.

Magana ta uku ita ce mai wuya. Yayana Fergus ga shi can tsaye a baya cikin kayan soja, jibi ƙungiyarsu za ta tashi zuwa fagen fama. Ranar Asabar muka raka shi kan tudun, ya ɗora nasa, wani jan dutse mai tsaga a gefe. Tun ranar, duk motar da ta tsaya a ƙofarmu sai in ruga in leƙa ta taga, alhali bai ma tafi ba. Ina jin tsoron ƙwanƙwasa ƙofa. Ina jin tsoron wayar gidanmu. Ku gafarce ni, Rabaran, har ku nake jin tsoron in hango kuna tahowa ta layinmu.

Da muna saukowa na yi ta waiwaye, domin a karon farko na gane Peigi sarai. Dutsen ƙarami ne, aljihuna zai ɗauke shi. Fergus ya lura, ya ja mini kunne ya ce:

"Ke sarkin tsoro, na ga idonki. In kika ɗauke shi, me zan dawo in ɗauka?"

Kaka ce, wadda muka zaci ba ta ji ba saboda kunnenta, ta tsaya ta dogara da sandarta ta ce shi ke nan, ya isa, tsibin nan ya yi wa mutum ɗaya ƙarya, ba zai yi wa na biyu ba. Da muka isa gida ta sauke farin dutsen daga taga ta sa mini a hannu.

Ga shi nan. Yau idan an tashi daga taron nan zan hau in mayar da shi inda mai shi ya ajiye shi, duk wanda ƙafarsa za ta iya, ina roƙon ya raka ni, domin ban san ko zan iya ni kaɗai ba.

Roƙona na ƙarshe gare ku, ya mutanen Ardcalla, shi ne jan dutsen nan. Kada yaro ya yi wasa da shi, kada baƙo ya ɗauka don ado, kada mai tausayi ya kawo mana shi gida. Ni ma na yi alkawari a gabanku ba zan taɓa shi ba, kome tsawon jira, kome labarin da ya zo. Hannu ɗaya ne kawai zai ɗauke shi. Saboda haka duk ranar da ɗayanku ya hau tudun ya ga babu shi, ya rugo gidanmu a guje kamar yadda Hector ya rugo, ya buga ƙofa da ƙarfi, ya tambaya ina ɗan banzan nan. Ni zan buɗe.

Ubangiji ya ji ƙan Torquil Nicolson, da Peigi da ta kasa sakinsa, da Hector da ya yi gudun banza. Ubangiji ya tsare 'ya'yanmu da ke nesa da waɗanda za su tafi, ya tsare 'ya'yan waɗansu da ke ɗaya gaɓar, domin su ma akwai mai jiran ƙofa a gidajensu. Ya ba iyayenmu haƙuri, ya ba mu ƙarfin barin dutse a inda yake, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.