Ranar da Inna ta kira sunana

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da ni, ban saba tsayawa gaban jama'a ba.

Bara, da na gama makarantar horon malamai na koma gida Karare, sai sanƙarau ya kwantar da ni. Na tashi, amma ban tashi duka ba. Ina ganin komai sarai, rumbu, dawa, fuskokin mutane, sai dai duk kamar hoto a littafi. Hannuna ma kamar na aro.

Likita Bature na asibitin mishan ya ce idona lafiya lau. In na fahimce shi daidai, ido ɗauko abu kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa shi da sabon da mutum ya yi da abin, kuma wurin haɗin ne zazzaɓi ya gajiyar. Ya ce wataƙila ya warke. Wataƙila!

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Na san ita ta haife ni, amma in ta gifta sai in ga wata tsohuwa kawai. Ni ɗan fari ne, kun kuwa san al'ada: ba ta duban idona, ba ta taɓa kama sunana ba. "Wancan" take ce mini. Ta ina zan fara gaya mata?

Wata safiya muna addu'a da matata Saratu, na ce, "Ya Yesu, ban roƙi duniya duka ba, ka maido mini da uwata." Ashe Inna na bayan danga tana ɓarar gyaɗa.

Ita da ba ta taɓa zama wurin addu'armu ba, sai ga ta ta shigo. Ta durƙusa, ta kama yatsana ta bi da shi kan zanen kumatunta.

"Nomau," ta ce. "Nomau, ja'iri, ni ce."

Saratu ta riƙe baki. "Inna, kin faɗa!"

"Na faɗa. Je ki kai ni ƙara wurin Hakimi."

'Yan'uwa, nan take fuskar ta zama ta Inna! Ba zan ce na san yadda aka yi ba. Sauran abubuwa a hankali suka dawo, ko da yake har yanzu ciwon yakan leƙo jefi-jefi. Washegari ta koma ce mini "wancan", amma ni na ji, ya ishe ni.

Godiya ga Ubangiji! Wanda duniya ta yi wa nisa haka, kada ya ɓoye, ya roƙa da baki. Yesu yana ji, ko ta bayan danga ne zai aiko. Amin.