Telan Masu Rawa

A tashar ƙananan motoci ta unguwar Darrasa, can ƙasar Larabawa, bayan an sassauta kullen korona, na ji wani dattijo mai ƙunshin yadi ya tare wani saurayi mai jallabiya.

"Malam, na ji Hausa a bakinka. Don Allah, gidajen rawan nan na titin Haram, za su sake buɗewa kuwa?"

"A'uzubillahi! Duk jama'ar nan, ni ka ga ya dace ka tambaya? Wa ya turo ka?"

"Ba kowa. Tela ne ni, mutumin Maraɗi. Shekara tara ina ɗinka wa masu rawa riguna. In ba za a buɗe ba, gobe zan sayar da keken ɗinkina in koma gida."

"Ka tabbata ba ƙungiyar ɗalibai ce ta aiko ka ba?"

"Ina ni ina ɗalibai, ɗana?"

"To ni karatu ya kawo ni, Baba, ban san komai ba." Ya ɗan waiwaya. "Amma kada ka yi gaggawa. An ce manyan za su buɗe, har an fara nisanta tebura."

"An ce?"

"An ce mana!"

"Ƙaramin nan na kusa da gada fa?"

"Wannan kam khalas, ya rufe ke nan. Tun kafin azumi suka sallame mu, har mai gadi."

Dattijon ya gyara ƙunshinsa, bai ɗago ido ba.

"Allah ya musanya maka da mafi alheri, ɗana. Ni ban ji komai ba. Keken dai zan bar shi zuwa Sallah."