Awar Farko Bayan Ɗora Hoto

Ranar da na je asibiti karɓar takardar rasuwar maigidana, benci ɗaya muka zauna da wani mai gyaran waya da wata malamar makaranta. Ya leƙa wayarta, ya ga shafin nan da ke biyan kuɗin intanet na kirifto idan aka danna wa rubutunka ƙuri'a.

"Ashe kema kina ciki, Malama. Ana samu kuwa?"

"Ina fa! Sai in kwana uku ina tsara darasi, mutum biyu su danna. Wani ya ɗora hoton takalminsa, manyan shafin su yi masa ruwan ƙuri'a. Adalci ke nan?"

"Ki tallata kanki, 'yar'uwa. Wa kike jinya?"

"Mahaifiyata."

"Ɗauke ta hoto a gado ki ɗora. Amma duk wanda ya yi sharhi a awar farko, ki amsa masa nan take. Haka manya ke ganin mutum."

"Uwar tawa? Allah ya kiyaye."

"Ni hoton Babana na ɗora. Yanzu ƙuri'ata ɗaya ta fi ta mutum hamsin."

"Ya yarda?"

"Bai sani ba. Ɗakin babu sabis, sai na fito baranda ina amsawa. Sau biyu ƙanwata ta leƙo, wai yana kirana."

"Me ya ce maka?"

Ya jujjuya wayar a hannunsa. "Da awar ta cika na koma. Na tarar an rufe masa fuska."

Malama ta jefa wayarta a jaka, ta shige wurin mahaifiyarta. Ni kuma aka kira sunan maigidana, na tashi.