Girki Ba Hawaye

A rumfar mai kayan lantarki, wata tsohuwa ta ga rishon lantarki ya yi jawur, sai ta sunkuya tana hura shi.

"Iya, ba a hurawa," in ji mai rumfar. "Jona shi ake yi. Ɗakinmu ɗaya ne, matata a gefen gado take girki."

"Hayaƙin fa?"

"Ai ba ya yi."

Tsohuwar ta shafa idanunta da hayaƙin itace ya cinye.

"Ikon Allah! Ɗan nan, wai har ta sauke tukunya ba ta zubar da hawaye?"

"Ko ɗigo."

"Ni na ɗauka kukan ma cikin girkin yake. Naɗe min ɗaya. Jikata ba za ta gaji idanun nan ba."