Ranar da Na Shiga Rumbu

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ina sanar da masu sauraro sakamakon wani muhimmin bincike: rumbun gero yana ɗaukar ƙaton malamin makaranta, har da hularsa.

Ran Lahadi na yi wa'azi a 'yar majami'armu da ke wajen Roni, kan yadda manzannin ikkilisiyar farko suka tsaya gaban mahukunta suna shelar ceto ba tsoro. Har na zolayi matata Saratu, na ce ita ko zakara ya yi cara sai ta firgita.

Washegari sai ga dogari: "Hakimi na kiran Malam!" Na ɗauka wa'azina ne ya jawo mini ɗauri, na faɗa rumbu. Saratu ta yafa gyale ta tafi a madadina. Ta durƙusa gaban Hakimi ta ce, "Ranka ya daɗe, in kan bangaskiyarmu ne, ga ni."

Hakimi ya yi ta dariya. Ashe sabuwar rediyo ya saya, yana neman mai karanta masa takardarta ta Turanci.

Da ta dawo ta leƙo: "Fito, Manzo, kafin ƙaiƙayi ya kashe ka."

Jama'a, me zan ce wa ikkilisiya ran Lahadi? Saratu, na yi kuskure. Ni na karanta labarin manzannin, ke kika gaskata.