Saiwar Jema

A tashar Tudun Wada, ana jiran motar Riruwai ta cika, wani dattijo ya dubi damin ciyawar da ke gaban wata mata.

"Baiwar Allah, ciyawa ta ƙare a Riruwai ne kike kai musu?"

"Jema ce, Baba. Dasa ta muke yi a kan tulin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari. Saiwarta ke riƙe ƙasar, kada ruwan sama ya wanko ta cikin rafin da muke sha."

"Au, dasawa aka yi? Na ɗauka da kanta ta fito."

"Sau uku muna dasawa, wani marar tsoron Allah yana tumɓukewa."

"A'a, kada ki zage shi. Wataƙila ruwan rafin ne ke masa ɗanɗanon ƙarfe, yake jefa saiwar a randa don ƙamshi."

"Ka san shi ke nan, Baba?"

"Ni? Ina fa! Amma ta gefen gabas ta fi ƙamshi. Haka dai na ji ana faɗa."

Matar ta ɗauki damin ta ɗora masa a cinya.

"Riƙe, Baba. Dashen gefen gabas naka ne gobe."